Daga Wudil zuwa Kano a ƙafa cikin awa biyu da 'yan mintoci, kuma wai mace

Assalamu alaikum jama'a, kwana biyu kun ji ni tsit, wallahi kaka ce ta ɓoye ni, ga makaranta da safe ga roron wake da yamma, ga batirin solarmu ya tsufa ko awa biyu baya riƙewa sai dai in ba yara wayar su kai bakin titi wajen mai caji. Yau dai Allah ya yi na samu zama.

Abinda ya dawo dani musu ne muka tafka da Yaya. Ranar Juma'ar da ta wuce ya dawo daga kasuwar Wudil ya biyo gaida Goggo, ya tarar dani a tsakar gida na ƙura wa waya ido, yace ke kuma me kike kallo haka ko sallamata baki amsa ba, nace yi haƙuri Yaya sannu da zuwa, gudu nake kallo, gudun mata. Dariya ya dinga yi harda dafa bango. Shi a wajensa in ba ƙwallon Ingila ba ko dambe to duk shirme ne, balle ace mata.

Nace masa akwai wata 'yar Habasha sunanta Tigst Assefa, a watan Satumban 2023 ta yi gudun fanfalaki a Berlin, kilomita 42 da mita 195, cikin awa 2 da minti 11 da sakan 53. Ko a jikinsa, don lamba ce kawai na karanto masa. Sai nace to Yaya kai da kake bin hanyar nan da babur kusan kullum, ka ɗauka daga gadar Wudil zuwa cikin Kano, kusan nisan kenan, ace mutum ya taso a ƙafa bayan an sallame asuba, kafin 'yan makaranta su gama shara su shiga aji ya iso. Nan fa ya bar dariya. Ya ɗan yi shiru sannan yace ƙarya ne, ko namiji ba zai iya ba, Turawa ne kawai suke haɗa muku hoto.

Toh ni kuma malamar lissafi ce a firamare, ba'a yi min gardama da lamba. Na ɗauko biro na raba masa, kowace kilomita ɗaya tana cinye ta a minti 3 da sakan 7 ko 8, kuma haka zata jera guda 42 ba hutu, wato in da babur ne mitarka tana kan 19 kenan tun daga farko har ƙarshe. Yace 19 ai tafiyar mai koyo ce. Nace naji, kawo min samarin majalisarku su bi ka a 19 ɗin kilomita ɗaya tak, in an samu wanda ya rigaka ko ya iso tare da kai zan baka zakarana, in ba'a samu ba ka bani zabuwa. Ya yarda a gaban Goggo.

Asabar da safe aka fita burjin bayan gari, ya auna kilomita ɗaya da mitar babur daga gindin tsamiya zuwa kwalbati. Samari shida suka zo, biyu 'yan ƙwallon garinmu ne masu ji da kansu, ɗaya har da takalmin ƙwallo ya saka a kan burji, ban ce masa komai ba. Ni ina tsaye a kwalbati da 'yan ajina muna riƙe da agogon waya. Farkon tashi har gaban babur suka shiga suna ihu, kafin a kai rabi uku sun koma tafiya, ɗaya ya zauna a gefen gonar mutane, wanda ya fi kowa ƙoƙari ya iso a minti 3 da sakan 50 ya zube ƙasa yana haki kaman an ciro kifi daga ruwa. Da ya dawo hayyacinsa abinda ya fara cewa shine Malama anya matar nan mutum ce? Nace saura 41 ka tashi mu ci gaba.

Kuma fa ba samarin ƙauyenmu kaɗai ba. Abebe Bikila, ɗan ƙasar su Tigst ɗin wanda ya ci zinaren Olamfik a Roma a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, da ya sake ci a Tokyo a 1964 awa 2 da minti 12 da sakan 11 ya yi, kuma a lokacin duk duniya ba wanda ya taɓa yin haka. Yanzu ga mace ta shige lokacinsa. A nan Najeriya kuwa babu namijin da ya taɓa yin fanfalaki a lokacin da ta yi, wannan ce ta fi ƙona wa Yaya rai.

Ni yanda akai na faɗa kallon abin nan, ranar ƙarshe ta Olamfik ɗin Paris ne, 11 ga Agustan 2024. Maigida ya siyo data don wani abu daban na karɓi wayar na ci karo da bidiyon wata siririyar mata a kan dandamali an rataya mata zinare, ta yafa hijabi, ga filin cike da mutane. Kuma a Faransa fa, ƙasar da ta hana nata 'yan wasan saka hijabi a wannan gasar. Nace wacece wannan. Sifan Hassan. A Adama ta ƙasar Habasha aka haife ta, ta isa Holan tana 'yar gudun hijira a 2008 tana da shekara 15, yanzu su take wa gudu. Cikin kwana goma a Paris ta yi mita 5,000 sau biyu, na tankaɗe da na ƙarshe, ta ci tagulla, ta yi mita 10,000 ta ci tagulla, bata cika kwana biyu da hutawa ba ta shiga fanfalaki ta ci zinare a awa 2 da minti 22 da sakan 55. In kun haɗa sama da kilomita 62 kenan na tsere zalla. Tun Emil Zatopek a 1952 ba'a sake samun wanda ya ɗauki lamba a duka ukun a gasa ɗaya ba, mace ko namiji.

Ƙarshen tseren ne ma abin kallo, na maimaita shi ya fi sau ashirin har data ta ƙare maigida yana ta mita. Bayan kilomita 42 ga hawa da gangara, saura 'yan mitoci ita da Tigst kafaɗa da kafaɗa, Sifan ta nemi ta kutsa ta jikin shinge suka bangaji juna, ta wuce, sakan 3 ne tsakaninsu. Habasha sun kai ƙara ba'a karɓa ba. Ita Tigst Allah sarki haka ta sake faruwa da ita a gasar duniya ta Tokyo a Satumban 2025, sai da suka shigo cikin fili ana ganin layi sannan Peres Jepchirchir ta Kenya ta tsere mata da sakan 2. Abin mamakin kuma Tigst asalinta 'yar mita 800 ce, da shi ta je Olamfik ɗin Rio a 2016, ita ya kamata ace tafi kowa ƙafa a ƙarshe, amma sau biyu ana ƙwace mata a bakin ƙofa. In aka bata hanya miƙaƙƙiya da agogo ba mai kamata, in aka zo ƙirji da ƙirji a mita ɗari na ƙarshe sai a samu wadda ta fita naci. Ni dai har yanzu ita nake so.

Sifan kuma halinta daban ne, wani lokacin sai kace bata san me take yi ba. A Olamfik ɗin Tokyo a 2021 ta faɗi ƙasa a zagayen ƙarshe na tankaɗen mita 1,500, ta tashi ta bi su ta wuce kowa. Fanfalakinta na farko a Landan a 2023, wanda ta yi shirinsa cikin watan azumi, tsayawa ta yi a tsakiyar titi tana miƙar da ƙugu har an yi mata nisa, kowa ya cire rai, ta dawo ta ci.

Ina cikin ba Goggo wannan labarin da daddare muna ɓarar gyaɗa sai tace, yo waɗannan ai ba zasu haihu ba, mace mai irin wannan gudun mahaifarta zubewa take. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don kalmar da ta faɗa min kenan shekara kusan ashirin da suka wuce, ko harafi bata canza ba. Ina aji shida na ci gudun zagaye huɗu a wasannin makarantu na gundumarmu, aka bani bokitin roba da sabulu sanda biyu, na dawo gida ina tsalle. Da na shiga ƙaramar sakandare ƙirji ya fara fitowa Goggo ta zaunar dani tace daga yau an gama, budurwa bata gudu sai in wuta ta kama. Ban ƙara ba. Ba wai ina cewa da na zama wata abu bane, wataƙila da iyakata Dutse ko Kano, amma dai ban sani ba kuma bazan taɓa sani ba.

Shine nace Goggo bari in lissafa miki. Faith Kipyegon ta Kenya, wadda duk duniya ba'a taɓa yin mace kamarta a mita 1,500 ba, ta ci zinaren Olamfik a 2016, ta haifi 'yarta a 2018 kuma tiyata akai mata, ta dawo ta ci a 2021 ta sake ci a 2024, sau uku a jere. Duk tarihin duniyar da ta kafa bayan haihuwar ne, minti 3 da sakan 49.11 a 2023, ta rage shi a 2024, ta sake ragewa a Yulin 2025 zuwa minti 3 da sakan 48.68 tana da shekara 31. Peres ɗin da ta kayar da Tigst, lokacin da ta kafa tarihin rabin fanfalaki a farkon 2017 ashe da ƙaramin ciki a jikinta, ta haihu a ƙarshen shekarar, bayan nan ne ta ci zinaren Olamfik da fanfalakin New York da na Boston da na Landan. Brigid Kosgei ta Kenya tagwaye gareta kafin ta goge tarihin fanfalakin Paula Radcliffe na awa 2 da minti 15 da sakan 25 wanda ya shekara 16 ba wadda ta taɓa shi, ta yi 2:14:04 a Shikago a 2019. Hellen Obiri ta Kenya uwa ce itama, kuma tana da shekara 35 a farkon watan Nuwamban 2025 ta ci fanfalakin New York a lokacin da ba macen da ta taɓa yi a wannan hanyar. Goggo ta tauna gyaɗa tace to su jikinsu daban ne. Ka ji fa.

Ba ita kaɗai ta taɓa wannan tunanin ba, Turawan ma sun yi. Bayan tseren mita 800 na mata a Olamfik ɗin 1928 cire shi sukai gaba ɗaya wai ya fi ƙarfin mata, sai 1960 ya dawo, fanfalakin mata kuwa sai 1984 aka saka shi. Shekara takwas bayan nan Derartu Tulu daga wani gari Bekoji a Habasha ta ci mita 10,000 a Barcelona, baƙar mace ta farko daga Afirka da ta ci zinaren Olamfik. Dududu abin bai fi shekarun Yaya ba.

Abinda yake taɓa ni a labarinsu, kusan dukkansu 'yan ƙauye ne irin mu. Faith ba takalmi ta fara, a haka ta ci gasar gudun daji ta duniya ta matasa a 2011. Lokacin da ta ci zinare a Rio ƙauyen iyayenta ko wutar lantarki babu, sai bayan nasarar aka kai musu, ni da nake aika waya bakin titi na san wannan zafin. Abincinsu ma ba wani na a zo a gani bane, 'yan Kenya ugali suke ci wanda tuwon masara ne kawai aka canza masa suna, da ganye da shayi mai madara. Inda suka fi mu shine tudu. Iten, garin 'yan gudu a Kenya, tana kan mita 2,400 daga teku, Bekoji kusan 2,800, mu nan ƙasar Kano ko 500 bamu cika ba. A can sama iskar da mutum yake shaƙa bata ƙosar da jiki kaman ta ƙasa, sai jiki ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini don ya rama, in suka sauko ƙasa tsere sai su ji kaman an sauke musu kaya. Ga sanyi, su suna iya gudun kilomita 30 da safe, mu a watan Afrilu ƙarfe tara ma kare baya fita. Sannan ga sansani da koci, masu fanfalaki suna haɗa kilomita 160 zuwa 200 a sati, wata da watanni, ba abinda suke sai gudu da ci da bacci.

Toh amma akwai inda Yaya ya kama ni, kuma gaskiya na kasa kare kaina. Wani a majalisa ya binciko masa a waya ya dawo da yamma yana murmushi yace Malama ashe ma ba taki bace ta ɗaya a duniya, kuma ta ɗayan an kamata da ƙwaya. Haka ne. Ruth Chepngetich ta Kenya ta yi awa 2 da minti 9 da sakan 56 a Shikago ranar 13 ga Oktoban 2024, kusan minti biyu ta zabtare daga na Tigst wanda shi kansa mutane basu gama haɗiye shi ba. Na yi murna a lokacin har na rubuta a allo na sa 'yan aji shida suka raba shi gida 42. Sai gashi fitsarin da aka ɗauka a watan Maris 2025 ya nuna wani maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, wanda aka haramta wa 'yan wasa saboda ana iya wanke wata ƙwayar da shi a ɓoye ta. Daga baya tace bata da lafiya ne ta sha maganin mai aikinta. An dakatar da ita shekara uku a watan Oktoban 2025, amma tarihin yana nan a littafi da sunanta sabida gwajin da ya kamata bayan tseren ne da wata biyar. Ni a raina na goge shi, shi yasa ma da na tashi yi wa Yaya misali na ɗauko Tigst. Kuma abin haushin shine yanzu duk wadda ta yi abin mamaki sai an ɗaga gira, mai gaskiya da mara gaskiya duk an shafa musu kashin kaji, Kenya kuwa 'yan gudunta da aka dakatar a 'yan shekarun nan suna da yawan gaske.

Sai maganar takalmi. Tun wajen 2017 kamfanoni suka fito da wani mai kaurin soso da wani faranti mai tauri a ciki yana turo ƙafa gaba, har sai da hukumar wasannin ta sa doka kar kaurinsa ya wuce milimita 40 a tseren titi. Wanda Tigst ta saka a Berlin na Adidas ne, dala 500 kuɗinsa kuma ba'a yi shi don ya daɗe ba, ku juya dala 500 zuwa naira ku gaya min buhun gero nawa ne a Wudil. Ga maza da ake sakawa a gabansu suna ja musu gudu suna tare musu iska, shi yasa ma tarihin fanfalakin mata kashi biyu ne, akwai na tseren da aka gauraya da maza akwai na mata zalla. Na mata zallan Tigst ta karɓe shi a Landan a Afrilun 2025 da awa 2 da minti 15 da sakan 50, daga hannun Peres. Ku duba tazarar, kusan minti huɗu tsakanin lokacinta da 'yan ja da lokacinta ba su, duk da dai hanyar ba ɗaya bace kuma ranar an yi zafi a Landan. Ni na mata zallan nafi yarda da shi, don nan ne kowa tasa ta fisshe shi.

Wani abin kuma da bana son tunawa amma dole in faɗa, kuɗi. Wadda ta ci Boston dala 150,000 ake bata, zinaren gasar duniya dala 70,000, banda na kamfanin takalmi. Yarinya 'yar ƙauye da ko sakandare wata bata gama ba ta wayi gari da irin wannan dukiyar, sai maza su yanyame ta, wannan yace shi koci ne wancan yace shi miji ne, gida da gona da mota duk a rubuta da sunansa. Agnes Tirop ta Kenya wata ɗaya da kafa tarihin kilomita 10 aka tsinci gawarta a gidanta a Iten a Oktoban 2021, tana da shekara 25, mijinta aka gurfanar. Rebecca Cheptegei ta Uganda tana cikin waɗanda suka yi tseren nan na Paris da Sifan ta ci, ko wata ɗaya ba'a yi ba tsohon saurayinta ya watsa mata fetur ya cinna wuta, ta rasu ranar 5 ga Satumba. Inna lillahi. Da na gaya wa Goggo wannan ne kaɗai ta ajiye gyaɗar, don ita ma ta san matan da suka yi sana'a suka tara awaki wani ya kaɗa su kasuwa ba shawara.

In kuka tambaye ni wa za'a sa wa ido nan gaba, Beatrice Chebet ta Kenya zan fara cewa, haifaffiyar 2000. Ita ce mace ta farko da ta yi mita 10,000 ƙasa da minti 29 a fili, 28:54.14 a 2024, ita ce ta farko da ta yi mita 5,000 ƙasa da minti 14 a fili, 13:58.06 a Yulin 2025, ta kwashe zinare biyu a Paris ta sake kwashe biyu a Tokyo, a 5,000 ɗin ma ƙawarta Faith ta bari a baya. Bata taɓa fanfalaki ba tukunna, kuma duk ranar da ta hau titi da gaske ina ga ita ce zata iya goge 2:09:56 ɗin nan kowa ya huta. Akwai Agnes Ngetich da ta yi kilomita 10 a titi cikin minti 28 da sakan 46 a Valencia. Akwai Letesenbet Gidey 'yar Tigray mai tarihin rabin fanfalaki, awa 1 da minti 2 da sakan 52, wadda ta yi wasu manyan tserenta lokacin ana yaƙi a yankinsu. Daga Turai Nadia Battocletti ta Italiya ce take kutsawa tsakanin 'yan Kenya da Habasha ta fito da azurfa, babarta 'yar Maroko ce.

Faith kuwa a watan Yunin 2025 kamfanin Nike ya shirya mata wani gwaji na musamman a Paris ko zata zama mace ta farko da ta yi mil ɗaya ƙasa da minti 4, aka kewaye ta da 'yan ja aka ɗinka mata kaya na musamman, ta ƙare a minti 4 da sakan 6.42. Ya fi tarihinta na 4:07.64 amma sakan shida a mil ɗaya ba nan kusa bane, mita arba'in ne ko fi. Ni a ganina ba ita zata yi ba, shekaru sun fara ja, wata yarinya ce da yanzu haka wataƙila tana ɗebo ruwa a wani ƙauye. Abinda nake jira daga Faith shine ranar da zata koma titi, don su irin wannan gudun mace sai ta haura talatin ma take nuna, kafin Olamfik ɗin Los Angeles a 2028 zamu ga abubuwa in da rai. Sifan kuma ba'a yi mata lissafi, ta ci fanfalakin Sydney a Agustan 2025, gobe kuna iya jin ta koma mita 1,500.

Mu a Najeriya gajeren gudu da tsalle muka iya, su Chioma Ajunwa da Tobi Amusan. Gudun fanfalakin Legas da ake yi tun 2016 duk shekara baƙi daga gabashin Afirka ne suke kwashe manyan kuɗin, 'yan gida da suke ɗan taɓukawa yawanci 'yan Filato ne, wajen Pankshin da Jos, sabida nan ne muke da tudu da sanyi, ga Mambila ma a Taraba da ta fi Jos tsawo tana zaune ba'a yi komai da ita ba ta wannan fannin. Daga Kano ko Jigawa kuwa ban taɓa jin mace ko ɗaya ba, kuma ba ƙafa muka rasa ba. Na san maganar kaya tana ciki, nima bazan so 'yata ta fita da irin ɗan kamfan da suke sakawa ba, ita Sifan ɗin ma da gajeren wando take tsere, hijabin a wajen karɓar lamba ne. Amma dogon wando da riga mai hannu da ƙaramin hijabi basu hana kowa gudu ba, kuma filin makarantar 'yan mata da malama mace ba abin da zai gagari ƙaramar hukuma bane, ana kashe abinda ya fi haka a kofin ƙwallon samari duk shekara.

Na bar muku wani abu a labarin ranar Asabar. Bayan samarin sun gama zubewa, wata 'yar ajina ta ja min hijabi tace Malama nima in gwada? 'Yar rugar da ke bayan fadama ce, shekararta 11 ko 12, kullum sai ta kai wa innarta ƙwaryar nono bakin titi sannan ta sheƙo makaranta a guje don kar a rufe ƙofa, kuma ban taɓa ganin ta makara ba. Yaya ya kaita gindin tsamiya a babur. Ta cire silifas ta riƙe a hannu, ta ɗaure zani ta taho, minti 4 da sakan 5, ta iso ko haki bata yi sosai ba ta wuce mutum huɗu cikin shidan nan a lokaci, har tana tambayata wai ta koma? Samarin sukai tsit, mai takalmin ƙwallo ya fara cewa ai shi jiya bai yi bacci ba.

Ranar Litinin innarta ta aiko min da man shanu a 'yar roba, da saƙon cewa ta gode amma dan Allah kar a ƙara sa yarinyar gudu a gaban maza, an riga an yi mata miji a rugar kawunta, bayan sallah babba za'a ɗaura. Na karɓi man na ce a gaishe ta. Yaya kuma har yau bai kawo zabuwata ba, wai sai an tabbatar masa Tigst ɗin ma ba ƙwaya ta sha ba, Goggo tace ita ce shaida kuma in bai kawo ba kafin Juma'a da kanta zata shiga gidansa ta kamo.